Jirgin Tururi da Baƙin Ƙarni na 19: Daga Bakin Teku Zuwa Sabon Garin Zariya

GABATARWA

Duk wanda ya taso daga Zabi ko Dogarawa da safe ya nufi Samaru, ko ya gangara kasuwar Sabon Gari, da wuya tunanin teku ya faɗo masa a rai. Tsakaninmu da bakin teku akwai ɗaruruwan mil, ruwan da muka saba gani kuwa bai wuce Kubanni da Galma ba. Amma duk da haka, in aka bi salsalar Sabon Gari, da tashar jirgin ƙasa, da kantin da ya bai wa unguwar PZ sunanta, har ma da bokon da muke rubuta Hausa da shi a wannan Sashe, sai a tarar igiyar ta ja mutum zuwa ga abu guda, watau jirgin ruwa mai tafiya da tururi.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda wannan jirgi ya kwashi mutane daga ƙasashensu ya zube su a wasu ƙasashe a kashi na biyu na ƙarni na 19, da kuma rabon da ƙasar Zazzau ta samu daga wannan kai-komo. Za mu fara da leƙa waje, mu dubi al'ummu biyu da suka shahara da barin gida a wancan zamani, watau Japanawa da mutanen Birtaniya, domin labarinsu zai zame mana ma'auni. Daga nan sai mu komo gida, mu biyo kogin Kwara da digar jirgin ƙasa har Zariya. Abin da muke son tabbatarwa shi ne, aikin jirgi ya ƙare da zarar ya sauke baƙo. Ko baƙon zai zauna, da inda zai zauna, da matsayin da za a ba shi, duk masu mulki ne suke yanke su. Da irin wannan hukunci kuwa aka haifi Sabon Gari.

JIRGIN TURURI DA ABIN DA YA SAUYA

Kafin zuwan injin, da iska jiragen teku suke tafiya. Akan ɗaura musu manya-manyan filafilai na zane mai kauri, in iska ta kaɗa su tafi, in ta ɗauke su tsaya cik a tsakiyar ruwa ko da kwana nawa ne. Saboda haka babu matuƙin da zai iya yanke wa fasinja ranar isa. Shi kuwa jirgin tururi, wuta ake hurawa da gawayin kwal a ƙarƙashin wata babbar tukunyar ƙarfe mai cike da ruwa. In ruwan ya tafasa, sai tururin ya bi ta bututu da ƙarfi ya tura sandunan injin, su kuma su juya abin da ke tunkuɗa ruwa baya. Da farko wasu manyan ƙafafu ne kewayayyu ake kafawa a gefen jirgi, daga baya aka koma ga farfela a ƙarƙashin gindinsa.

A shekarar 1838 jirgin Great Western ya ƙetare Tekun Atlantika daga Ingila zuwa Amurka cikin kwana 15, alhali jirgin iska yakan yi wata guda ko fiye a kan wannan hanya. A 1869 kuma aka buɗe mashigin Suwez a ƙasar Masar, masu zuwa Gabas daga Turai suka huta da zagaye Afirka. Abubuwa uku suka biyo baya. Kwanakin tafiya suka ragu. Kuɗin jirgi ya sauko, har talaka yana iya tarawa ko a ranta masa. Sa'an nan aka san ranar tashi da ranar sauka. Na ukun nan shi ya fi shafar bayaninmu, domin wanda ya tabbata akwai jirgin da zai komar da shi gida duk wata, ba lalle ne ya yi sallamar ƙarshe da danginsa ba.

A nan Hausa ta tanadar mana kalmomin da za su taimaka. Bahaushe ya bambanta ɗan ci-rani, wanda ya fita nema da niyyar komawa in damina ta faɗi, da mai ƙaura, wanda ya tattara nasa ya nasa ya bar gari. Akwai kuma ɗan kaka-gida, wanda ya zo baƙunta har zama ya miƙe masa. Jirgin tururi ya sauƙaƙa ƙaura, ya kuma sauƙaƙa ci-rani, har mutum ya iya cin raninsa a bayan teku.

JAPANAWA DA MUTANEN BIRTANIYA: JIRGI ƊAYA, ƘOFA BIYU

Ƙasar Japan ta yi fiye da shekara 200 tana hana 'ya'yanta fita waje, sai a 1866 aka ɗage hanin. Bayan juyin da ya mayar da iko hannun Sarki Meiji a 1868, sabuwar gwamnati ta ɗora harajin gona na tsabar kuɗi a 1873. Da farashin shinkafa ya faɗi a farkon shekarun 1880, sai bashi ya raba manoma da yawa da gonakinsu. A daidai wannan lokaci masu gonakin rake na tsibiran Hawai suna neman leburori ido rufe. Gwamnatocin biyu suka daidaita, a watan Fabrairu 1885 jirgin City of Tokio ya sauke Japanawa fiye da 900 a Honolulu. Zuwa 1894 an kai kimanin mutum 29,000 a kan wannan shiri, mafi yawansu daga lardunan kudu maso yamma irin su Hiroshima da Yamaguchi da Kumamoto. A 1899 jirgin Sakura Maru ya kai mutum 790 ƙasar Peru, a 1908 kuma Kasato Maru ya sauke mutum 781 a tashar Santos ta Barazil domin aikin gonakin gahawa.

Yarjejeniyar da aka yi da leburorin Hawai ta shekara uku ce, niyyarsu kuwa ci-rani ce tsantsa: a tara abin da zai fanshi gonar gado a komo. Amma ladan aiki bai taka kara ya karya ba, wasu suka yi aure suka haifu, ci-rani ya rikiɗe ya zama kaka-gida. A yau babu inda jikokin Japanawa suka fi yawa a wajen Japan kamar Barazil.

Mutanen Birtaniya kuwa miliyoyinsu ne suka fita a wannan ƙarni, yawanci ta tashar Libaful, suka nufi Amurka da Kanada da Ostareliya da Niyu Zilan da Afirka ta Kudu. Su ma talauci da cunkoson birane ne suka kori da yawa daga cikinsu. Sai dai tarbar da aka yi musu daban ce. Wasu daga cikin ƙasashen nan har kuɗin jirgi suke taimaka musu da shi, Kanada kuma ta kafa doka a 1872 mai bai wa manomi eka 160 a kan ɗan kuɗin rajista kaɗan, muddin zai zauna ya noma.

Garin Bankuba da ke gaɓar yammacin Kanada ya isa misali. Daga 1891 jiragen kamfanin reluwe na Kanada suna zirga-zirga tsakaninsa da Yokohama. Bature ya iso ta gabas, Bajapane ya iso ta yamma, kowanne da ƙunshin kayansa, kowanne yana neman abin sawa a baka. In da Bahaushe ne ya gan su sai ya ce jirgi ɗaya ya kwaso su. Amma a 1895 lardin ya hana Japanawa jefa ƙuri'a, a 1907 'yan tarzoma suka far wa unguwarsu da ta mutanen Sin, a 1908 kuma aka ƙayyade yawan waɗanda za su riƙa shigowa. Ostareliya ta rufe ƙofarta ga mutanen Asiya da dokar 1901, Amurka ta toshe tata ga Japanawa a 1924. Ashe ke nan abin da ya raba baƙin nan biyu yana ofishin hukuma. Mu riƙe wannan, domin za mu sake karo da shi a gida.

JIRGIN TURURI A KOGIN KWARA

A 1830 'yan'uwa biyu, Richard da John Lander, suka bi Kwara cikin kwalekwale har inda ta faɗa teku. Wannan ya nuna wa 'yan kasuwar Ingila cewa akwai hanyar ruwa zuwa cikin ƙasa. Jirgin iska ba zai iya hawan kogi mai gudu da kwana-kwana ba, amma na tururi zai iya. A 1832 Macgregor Laird ya zo da jirage biyu daga Libaful, sunayensu kuwa abin lura ne ga ɗalibin Hausa: ɗaya Quorra, watau Kwara, ɗaya kuma Alburkah, watau Albarka. Sai dai albarkar ba ta sauka a kansu ba, domin cikin Turawa 48 tara ne kaɗai suka tsira daga zazzaɓi.

A 1841 gwamnatin Ingila ta aiko da jirage uku, Albert da Wilberforce da Soudan, nan ma Turawa fiye da 40 suka mutu. A cikin wannan ayari akwai Samuel Ajayi Crowther, da wani Bajamushe ɗan mishan mai suna J. F. Schön, wanda ya fara koyon Hausa a bakin 'yantattun bayi a Saliyo. Sai a 1854 al'amari ya juya, lokacin da Likita William Baikie ya hau Binuwai da jirgin Pleiad, ya sa mutanensa shan kwinin kullum, ya komo ba tare da ya rasa Bature ko ɗaya ba. Daga nan tururi da kwinin suka zama tagwaye, ɗaya ya kawo Bature, ɗaya ya raya shi. Baikie ya sake dawowa a 1857 da jirgin Dayspring, wanda ya fashe a kan duwatsu kusa da Jabba. Maimakon ya koma gida sai ya kafa zango a Lakwaja, a 1862 kuma ya yi tattaki daga Bidda ya ratsa Zariya ya kai Kano.

Ta fuskar teku kuwa, tun 1852 Laird ya kafa kamfanin da ke kai wasiƙu da fasinja da kaya tsakanin Ingila da gaɓar Afirka ta Yamma a kan ƙa'ida. Kafin ƙarnin ya ƙare wannan hanya ta koma hannun kamfanin Elder Dempster na Libaful. A kan kogi kuma George Goldie ya haɗe kamfanonin Ingila wuri guda a 1879, a 1886 gwamnatinsu ta ba shi takardar izinin ciniki da mulki da sunan Royal Niger Company. A 1885 wakilinsa Joseph Thomson ya je Sakkwato da Gwandu neman yarjejeniya. Ranar 1 ga Janairu 1900 aka sauke tutar kamfani a Lakwaja, Lugga ya ɗaga ta Ingila.

Kada mai karatu ya ɗauka duk wannan ya faru ne nesa da mu. Garin Loko da ke bakin Binuwai, inda jirage kan tsaya, yana ƙarƙashin Nasarawa ne, ita kuwa Nasarawa da Keffi a wancan lokaci Zazzau suke bi. Daga Loko hanyar fatake ta miƙe ta Keffi har Zariya da Kano. Watau dai ƙasar Zazzau ta daɗe da samun tasharta ta jirgin ruwa, ko da yake mutanen birni ba su ga hayaƙinsa ba.

TURAWAN DA SUKA ISO ZAZZAU

Ta wannan hanya ta Loko ce Bajamushe Paul Staudinger ya iso Zariya a 1885. Ta ita kuma Charles Henry Robinson ya biyo a 1894, zamanin Sarki Yero, a kan hanyarsa ta zuwa Kano. Wata ƙungiyar nazarin Hausa da aka kafa a Ingila domin tunawa da ɗan'uwansa, wanda ya rasu a Lakwaja a 1891, ita ta aiko shi. A wannan shekara ta 1894 Walter Gowans, ɗaya daga cikin samari uku da suka sauka a Ikko a ƙarshen 1893 suka zama tushen mishan ta S.I.M., ya rasu a Girku ta ƙasar Zazzau.

A ƙarshen 1899 wasu Turawa biyar na mishan ta C.M.S. suka taso daga Libaful a ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell. A cikinsu akwai Likita Walter Miller, wanda ya riga ya je Tarabulus ya koyi Hausa a wurin Hausawa mazauna can. Suka sauka a Ikko, suka yo tattaki ta Jabba, suka iso Zariya a 1900 zamanin Sarki Kwasau. Da suka wuce Kano, Sarki Alu ya umarce su da su fice, suka juyo suka yada zango a Girku. A 1902 sojan Lugga suka shigo Zariya, aka tuɓe Kwasau, daga nan kuma rundunar da ta ci Kano a Fabrairu 1903 ta tashi. Miller ya samu zama cikin birnin Zariya a 1905, daga baya mishan ta koma Wusasa wajen 1929.

Tambayar da ta dace a yi ita ce, me ya sa waɗannan Turawa ba su yi kaka-gida a nan ba kamar yadda 'yan'uwansu suka yi a Kanada ko Afirka ta Kudu? Dalili na farko zazzaɓi ne, domin kwinin ya rage mutuwa amma bai sa Bature ya yarda ya yi renon 'ya'yansa a nan ba. Na biyu, sun tarar da ƙasa mai cike da jama'a, mai sarakuna da alƙalai da tsarin haraji, suka ga mulki ta hannun sarakunan ya fi araha. Na uku, dokar ƙasa ta 1910 ta sa filayen Arewa duka a hannun Gwamna a matsayin amana, wanda ba ɗan ƙasa ba haya kaɗai ake ba shi ta wasu shekaru. Na huɗu kuwa shi ne jirgin kansa. Ma'aikacin gwamnati yakan yi kimanin shekara guda a bakin aiki, sai ya hau jirgi ya tafi hutu gida, in ya tsufa ya koma can ya ci fanshonsa. In an auna su da mudun Hausa, Razdan da Di'o 'yan ci-rani ne. Irin su Miller, wanda ya ƙare rayuwarsa a yankin Jos a 1952, 'yan ƙalilan ne.

DAGA BARO ZUWA SABON GARI

Waɗanda suka zauna da gaske wasu ne daban, hanyar ƙarfe ce kuwa ta ƙaraso da su. A 1907 Percy Girouard, mutumin Kanada masanin aikin reluwe, ya gaji Lugga. A zamaninsa aka fara shimfiɗa diga daga Baro, wani ƙauye a bakin Kwara sama da Lakwaja, zuwa Kano, kimanin mil 350. Dalilin zaɓen Baro shi ne jirgin ruwa yana iya kaiwa can in kogi ya cika. Ƙarafan diga da kawunan jirgi da taragu daga Ingila aka yo odarsu, aka sauke a bakin teku wajen Burutu, ƙananan jiragen tururi suka hau da su. Leburori kuwa ta hannun sarakuna da hakimai aka tara su, da yawa ba da son ransu ba. Diga ta ratsa Zariya ta kai Kano a 1911, aka kuma haɗa ta da wadda ta taso daga Ikko a Minna. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, wanda aka yi aikin a idonsa, ya bar mana Waƙar Diga a kan wannan al'amari.

Nan da nan Zariya ta zama mararraba. Aka ja ƙaramar diga zuwa ma'adinan kuza, ta kai yankin Jos a 1914, ta yi aiki har 1957. Aka ja wata ta Gusau ta kai Ƙaura Namoda a 1929. Ƙungiyar auduga ta B.C.G.A., wadda aka kafa a 1902 domin samar wa masaƙun Ingila auduga, ta kafa injin gurza a Zariya. Kamfanoni suka buɗe kantuna kusa da tasha, cikinsu har da Paterson Zochonis, wanda wani mutumin Sukotlan da wani mutumin Girka suka faro a Saliyo, shi ne kuma har yau muke kiran unguwar da haruffan sunansa. Neman inganta audugar ne ma ya sa aka kafa gonar gwaji a Samaru a 1922, shekara 40 kafin buɗe wannan Jami'a a 1962.

Duk waɗannan ayyuka suna bukatar akawuna da masu buga waya da direbobin jirgi da kafintoci da birkiloli, a lokacin kuwa makarantun boko ba su kafu a Arewa ba. Saboda haka aka ɗauko su daga Saliyo da Gwalkwas da Ikko. Mutanen Saliyo da na Gwalkwas a jiragen Elder Dempster suka zo, jiragen da suka kawo Razdan, sai dai shi yana ɗaki, galibin fasinjojin Afirka kuwa suna fili a saman jirgi da tabarmarsu da tukunyarsu. Yarabawa da Nufawa suka biyo diga da fatauci. Ibo suka ƙaru sosai bayan da digar Gabas ta haɗu da ta Arewa wajen 1927. Akwai kuma Kwarori, watau mutanen Lebanon da Sham, waɗanda suka fara sauka a Ikko wajen 1890, yawanci ta tashar Marsel ta Faransa, suka faro da tallar duwatsun ado, suka hauro Arewa da cinikin yadi da gyaɗa.

To, ina za a sa waɗannan baƙi? Tun kafin zuwan Turawa biranen Hausa suna da hanyarsu ta karɓar baƙo. Yakan sauka a zango ko a gidan fatoma, in zama ya kama shi mai unguwa ya ba shi fili, jikokinsa su tashi 'yan gari. Sunayen unguwanni irin su Tudun Nufawa da Ayagi a Kano shaida ne. Turawa kuwa suka zaɓi rarrabewa. Wajen 1911 aka yanka filaye kusa da tasha, layi-layi, aka kira wurin Sabon Gari. Aka keɓe Tudun Wada domin baƙi 'yan Arewa, birni ya zauna na Zazzagawa, Turawa kuma suka yi barikinsu can gefe. Dokar garuruwa ta 1917 ta ƙarfafa wannan tsari, aka kuma shar'anta barin fili mai faɗin yadi 440 ba gini tsakanin unguwar Turawa da ta baƙar fata. Hujjar da aka bayar ita ce sauro, domin tun 1897 Ronald Ross ya gano shi ke yaɗa zazzaɓi. Amma akwai hujjar siyasa a ƙarƙashi: ba a son akawun da ya san dokar Ingila, mai karanta jaridun Ikko, ya cuɗanya da talakawan Sarki. Shi ya sa da farko Sabon Gari yana ƙarƙashin Baturen majistare, sai daga baya aka mayar da shi hannun En'e.

Amma kasuwa ba ta san layin da aka ja a takarda ba. Hausawa da yawa, mahauta da 'yan koli da tsofaffin soja da leburori, sun zauna a Sabon Garin Zariya tun da wuri. Manoman ƙauyukan kewaye irin su Zabi da Hanwa da Bomo da Basawa suka samu inda za su kai hatsi da itace da rake, gari kuma ya yi ta faɗaɗa har ya cim ma gonakinsu.

SAWUN JIRGI A HARSHEN HAUSA

Masu iya magana sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Shaida ta farko ita ce kalmar jirgi kanta. A da ma'anarta abin ƙetare kogi ne wanda aka sassaƙa daga itace. Da manyan jiragen Turawa suka bayyana a Kwara sai sunan ya hau kansu. Da na diga ya iso aka ce jirgin ƙasa, da na sama ya sauka Kano a 1925 aka ce jirgin sama, har ya zama dole a ƙara wa na asalin bayani a ce jirgin ruwa. Jerin nan uku tarihin sufuri ne a dunƙule.

Shaida ta biyu kalmomin aro ne. Diga asalinta sunan abin haƙa ne a Turanci, sai ta koma sunan hanyar da aka haƙa da shi. Tare da ita muka samu tasha da reluwe da tikiti da fasinja da direba da lebura da kwangila da kanti da kamfani da tireda. Mai lura zai ga yadda Hausa ta narkar da su: ta mayar da harafin p ya zama f kamar a fasinja da kafinta da fam, ta cusa wasali tsakanin baƙaƙe, ta kuma rufe yawancin kalmomin da wasali. Wasu kuma ba daga bakin Bature kai tsaye muka ji su ba. Akawu da ashana da agogo daga Yarabanci suke, titi da kwabo kuwa Turanci ne da ya biyo ta bakin Yarabawa. Wannan ya nuna mana da wa Bahaushe ya fi zama a tasha da kasuwa.

Shaida ta uku ita ce nazarin Hausa a rubuce da boko. Schön ya buga jerin kalmomin Hausa a 1843, nahawu a 1862, ƙamus a 1876, da Magana Hausa a 1885. Babban mai ba shi bayani shi ne Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da Heinrich Barth ya tafi da shi Ingila a 1855, wanda ya komo ya rasu a Kano a 1912. Robinson ya koma gida ya koyar da Hausa a Jami'ar Kambirij, ya fitar da ƙamusunsa a 1899 da 1900. Miller kuma yana kan gaba a cikin waɗanda suka yi fassarar Littafi Mai Tsarki da ta fito a 1932. Ko da yake Hausawa sun daɗe suna rubuta harshensu da ajami, kuma manufar waɗannan Turawa ta mishan ce ko ta mulki, tilas ne a faɗi cewa littattafan farko na fanninmu a jirgin tururi aka kai su maɗaba'a, a cikinsa kuma aka komo da su.

Daɗin daɗawa, jirgin ya tafi da namu kamar yadda ya zo da na wasu. Sojan Hausa da Gwamna Glover ya tara a Ikko sun je yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874 ta teku, wasu sojan Hausa kuma sun halarci bikin cikar Sarauniya Victoria shekara 60 a kan gado a London a 1897. Fataken goro ma sun gane cewa ɗora kaya a jirgi daga Gwalkwas zuwa Ikko ya fi korar jakuna wata da watanni ta hanyar Gwanja, Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka ci ribar wannan sabuwar hanya.

KAMMALAWA

A 1974 Aureol, jirgin fasinja na ƙarshe na Elder Dempster, ya daina zuwa Ikko, jirgin sama ya gaje shi. Turawan mulki sun riga sun tattara tun 1960. A kansu karin maganar nan ta gaskata, baƙo raɓa ne. Amma ba ta gaskata a kan jikan akawun Saliyo ko na kafinta Bayarabe ba, wanda aka haifi kakansa a Sabon Gari, yake kuma magana da Hausa kamar kowane ɗan gari. Kamar Japanawan Hawai da Barazil, ci-ranin kakanninsu ya zama kaka-gida. Rabon unguwannin da aka yi musu kuwa ya bar baya da ƙura, kamar yadda aka gani a rikicin 1966, lokacin da aka rasa rayuka, dubban mutanen Gabas suka bar Sabon Garuruwan Arewa, sai bayan yaƙin basasa a 1970 da yawa suka komo.

Saboda haka duk lokacin da muka ji ana gardamar wane ne ɗan ƙasa wane ne baƙo, ya kamata mu tuna cewa katangar da ke tsakanin birni da Sabon Gari ba gadon kakanninmu ba ce, shekarunta sun ɗan haura 100 ne kawai, kuma an san wanda ya gina ta da dalilinsa. Akwai aiki a gaban ɗaliban wannan Sashe. A Muciya da Cikaji da Zabi da layukan Sabon Gari akwai tsofaffin da suka ji labarin diga daga bakin iyayensu, akwai kalmomin reluwe da na kanti da suka fara ɓacewa, akwai kuma irin Hausar da cuɗanyar ƙabilu ta haifar wadda ta cancanci nazari na musamman. In muka yi jinkiri, za a wayi gari sai dai mu nemi tarihin unguwanninmu a littattafan waɗanda suka zo ci-rani suka tafi.